Shekarar da Na Kai Takarda Dingaya

Kun tashi kuna jin cewa baffanku Sule ya kai ƙanwarsa kotu ya raba ta da gonarta. Haka ake faɗa a gidanmu na Birnin Kudu, haka mahaifiyarku ta ɗauka har Allah ya yi mata rasuwa, ni kuwa ban taɓa gyara zancen ba, domin yadda yake tafiya babu sunana a ciki. Gaskiya ne Yaya Sule ya shigar da ƙara, gaskiya ne kuma gwaggonku Hanne ta rasa mafi kyawun ɓangaren gonarta. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne wanda ya tayar da maganar bayan ta yi shekara talatin da shida tana kwance. Ni ne, kuma da kyakkyawar niyya na yi. Zan faɗi yadda abin ya gudana bi da bi, ku yi hukuncinku.

Kafin in yi karatun lauya na yi shekara goma sha biyu a ɗakin labarai na gidan rediyo a Kano. Aikina fassara labaran majalisa da na kotuna, in kuma karanta su. Wannan aikin ya bar mini halaye biyu: son a faɗi magana daidai yadda take, da ƙin a riga ni jin labari. Na farkon ya amfane ni a kotu. Na biyun shi ne ya jawo abin da zan ba ku labari.

Lokacin da na buɗe ofis a Birnin Kudu, lauyoyin da ke zirga-zirga tsakanin kotunan nan da na Gwaram mota ɗaya ta ishe mu. A manyan birane lauya yakan zaɓi fanni guda ya tsufa a cikinsa. Mu ba mu da wannan gatan. Da safe kana kare wanda ake zargi da satar tumaki, da azahar kana kan rabon gado, da la'asar wani ya zo a yi masa rajistar sunan shagonsa, wani kuma an aiko masa takardar haraji bai gane kanta ba. Duk dokar da aka taɓa, a kowane fanni, tana iya faɗo maka a tebur gobe. Abokan aikina kuwa sai doka ta fara aiki suke jin labarinta, wani lokacin daga bakin alƙali, a gaban wanda suke karewa. Sai na fara wani abu da ba wanda ya sa ni. Duk ƙarshen wata nakan buga takarda mai shafi biyu, in kasa ta gida huɗu: laifuka, filaye da gonaki, kasuwanci da haraji, iyali da gado. A ƙarƙashin kowanne in jera kudirorin da ke gaban majalisar tarayya da ta jiha, inda kowanne ya kai, da abin da zai sauya idan ya zama doka. Da farko hannu da hannu nake rabawa a harabar kotu, daga baya na riƙa turawa ta waya. Suka sa mini suna Kanun Labarai. Ban ji haushi ba. Takardar ta taɓa ceton wani abokin aiki da ya kusa shigar da ɗaukaka ƙara bayan an rage wa'adinta, ta kuma sa har rajistarorin kotu suna tambayata abin da ke tafe. Ina jin daɗin wannan tambayar fiye da yadda ya kamata.

A shekarar da nake magana aka gabatar da wani kudiri a kan filaye da gonaki. Na samo kwafinsa tun kafin a yi masa karatu na biyu. Yawancinsa tsarin ofisoshi ne da taswira, amma akwai sashe guda da ya tsayar da ni. Ya ce daga ranar da dokar ta fara aiki za a ba da shekara ɗaya, duk wanda ya mallaki gona ta hanyar ciniki ko kyauta ya rubuta, ya yi rajista. Bayan shekarar, kotu ba za ta saurari da'awar da ba ta da takarda ba. Na sa shi a saman takardar watan, na ja masa layi. Na kuma zauna ina lissafa waɗanda abin zai shafa a cikin mutanen da nake yi wa aiki. Ban kai mutum biyar ba na tuna da Yaya Hanne.

Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Sule, Yaya Hanne, sai ni auta. Da ya rasu aka raba gonakin tudu da shanu da gida yadda shari'a ta ce. Fadama guda ce ba a sa a rabon ba, domin kowa a Dingaya ya san Baba ya ba Hanne ita kyauta tun yana raye. Ba a yi gardama ba, ba a kuma rubuta komai ba. Ina Kano lokacin, labari kawai na ji. A wannan fadamar Yaya Hanne da mijinta suka yi ta shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Da mijin ya rasu ta ci gaba da babban ɗanta Sani. Da ita ta aurar da 'ya'ya shida, da ita ta je Makka. Idan an cire fadamar nan daga rayuwarta, abin da ya rage ɗaki ne da awaki huɗu.

Na je na same ta wata Asabar da hantsi tana ware albasa a rumfa, manya gefe, ƙanana gefe. Na yi mata bayani a tsanake yadda nake yi wa masu zuwa ofis. Ba ta daina aikinta ba har na gama.

"Auta, wa ya ce gonar ba tawa ba ce?"

Na ce babu wanda ya ce.

"To da wa kake faɗa?"

Na ce da dokar da ke zuwa.

"Ta zo ɗin tukuna mana, a shimfiɗa mata tabarma. Kai tun kana yaro haka kake, hadari yana Gwaram kai ka kwashe shanya a Dingaya."

Na yi dariya, amma ban bari ba. Na koma sau biyu a cikin watan. Na nuna mata cewa shaidun kyautar biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗayan kuma, Malam Jibo abokin Baba, ya haura tamanin. Na ce idan aka jira sai doka ta fara aiki, kowa zai ruga ofis lokaci guda, layi zai yi tsawo, wataƙila Malam Jibo ba ya nan. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. A zuwa na uku ta gaji, ta ce in yi abin da na ga ya dace tunda ni na yi boko, amma in bi Yaya a hankali, kada in je masa da muryar rediyo.

Na rubuta takardar da Hausa, gajeriya, sakin layi uku. Ta ce mu, Sule da Aminu, 'ya'yan marigayi, mun shaida cewa mahaifinmu ya ba 'yar'uwarmu Hanne fadamarsa kyauta yana da rai da lafiya, ta karɓa, kuma ba mu da wani haƙƙi a cikinta, mu da 'ya'yanmu. Na sa hannu a nawa gurbin tun a ofis. Ban tsaya na tambayi kaina ko na ga abin da nake shaidawa ba.

Ba ku san Yaya Sule sosai ba, don haka bari in faɗa muku wane ne. Mutum ne da idan akuyarsa ta ci ganyen wake a gonar maƙwabci sai ya je ya faɗa. Bai yi boko ba, ya yi allo ya yi littattafai kaɗan, kuma abin da ya karanta ya riƙe shi da gaske. Ba shi da fara'a, ba shi da wasa, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na same shi ranar Juma'a bayan an sauko, a zaurensa, tare da babban ɗansa Haruna, wanda a lokacin magidanci ne mai 'ya'ya bakwai. Na yi bayanin kudirin, na karanta takardar. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Sannan ya ce:

"Lauya, ranar da Baba ya ba ta, kana nan?"

Na ce ba na nan.

"Ni ma ba na nan. Ina Maruta wajen jana'izar surukina. Da na dawo aka gaya mini, na ce Allah ya sa albarka. Ban taɓa cewa ba tata ba ce, ba kuma zan ce ba. Amma takardar nan ta ce na shaida. Ni ban gani ba. Kai da ka sa hannu, Allah ya ba ka idon da ke gani daga Kano."

Na ce wannan mai sauƙi ne, za a cire maganar shaida, a bar cewa ba shi da haƙƙi kawai. Na ciro biro zan gyara a nan take. Da na yi shiru na tafi gida na dawo wani makon, wataƙila da an wuce wurin. Amma ina son in koma da aikin a kammale. Ina cikin gyaran Haruna ya yi gyaran murya. Cikin ladabi ya yi tambayar, ba na zarginsa da komai.

"Baffa, a gafarce ni. Idan dai ba mu da haƙƙi, me ya sa ake neman hannunmu? Ai ba a nemi na maƙwabta ba."

Na san amsar, kuma halina bai bar ni na ɓoye ta ba. Na ce domin idan kyauta ba ta tabbata ba, abin yakan koma gado, magada kuwa mu ne. Ina faɗar haka na ga fuskar Yaya Sule ta sauya. Ba kwaɗayi na gani ba, tsoro na gani. Ya tambaye ni ko ina nufin akwai yiwuwar cewa shekara talatin da shida akwai gadon da ba a raba ba a gidanmu. Na ce yiwuwa ce kawai ta fuskar doka, ba wanda yake nufin haka. Ya ce shi bai san yiwuwa ta fuskar doka ba, ya san halal da haram. Ya miƙo mini takardar, ya ce zai yi tambaya.

Ya yi tambayar. Ya je wurin malamai biyu, kowanne ya ce masa ya danganta da yadda aka yi kyautar da kuma ko an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu. Babu wanda ya iya ce masa e ko a'a. Bayan mako uku aka kai wa Yaya Hanne sammaci daga kotun shari'a a Gwaram, aka kawo mini nawa ofis, domin ni ma magaji ne. Na tafi Dingaya a fusace. Na same shi yana ba shanun nomansa harawa, na faɗa masa maganganun da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba. Ya bari na gama.

"Shekara talatin da shida ina barcina lafiya. Kai ka zo ka ce mini wataƙila ƙanwata tana cin abin da ba nata ba, wataƙila ni na hana 'ya'yana abin da yake nasu. Na tambayi malamai ba su cire ni daga shakka ba. Alƙali ya cire ni. In ya ce tata ce, wallahi ni zan fi kowa murna."

Na yarda da shi a lokacin, na yarda da shi yanzu. Da kansa ya biya wa Yaya Hanne kuɗin mota ranar zaman farko, ta mayar masa.

Tunda ina cikin shari'ar ba zan iya tsaya wa kowa ba. Na roƙi Barista Saudatu, wadda ofishinta ke kusa da nawa, ta tsaya wa Yaya Hanne. Ta girme ni a aikin ko da yake na girme ta a shekaru, kuma ta fi mu duka sanin fiƙihun gado. Ita ce kaɗai a cikinmu da ba ta cika karanta takardata ta wata-wata ba. Takan ce idan doka ta iso za su gaisa. Na ba ta labari, ta tambaye ni abu ɗaya: ko na zauna da Malam Jibo na ji ainihin abin da ya gani kafin in rubuta takardar. Na ce ban zauna ba, ai kowa ya san labarin. 

A zama na uku aka kawo Malam Jibo. Sani ne ya riƙo shi har gaban alƙali. Jikinsa ya tsufa amma hankalinsa garau, kuma yana son Yaya Hanne kamar 'yarsa. Ya ce yana nan, a bakin fadamar aka yi, da yamma, Baba ya kira Hanne ya nuna mata iyaka daga tsamiya zuwa rafi. Har nan komai daidai. Sai alƙali ya ce ya faɗi lafazin da marigayi ya yi, yadda ya ji shi. Malam Jibo ya ce ba zai manta ba, domin a shekarar Baba ya dasa rake a fadamar, raken ya yi kyau ƙwarai.

"Ya ce mata, Hanne, in an sare raken nan, gonar taki ce."

Alƙali ya tambaye shi ko an sare raken kafin marigayi ya rasu. Malam Jibo ya yi lissafi, sannan ya ce a'a, ai da kuɗin raken aka yi sadakar bakwai. Ya faɗa yana murmushi, yana ganin ya nuna ƙarfin tunaninsa. Bai san abin da ya yi ba. Ni na sani, Barista Saudatu ta sani. A shari'a kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa mai bayarwa yana raye. Baba ya rasu rakensa yana tsaye a gonar. Abin da duk Dingaya ta sani a matsayin kyauta, alkawarin kyauta ne da mutuwa ta riga cikawa. Yaya Hanne ba ta ɓoye wannan ba, ba ta dai taɓa ɗaukarsa da wani muhimmanci ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Barista Saudatu ta koma kan hujja ta biyu, wato daɗewar riƙo. Idan mutum ya daɗe yana riƙe da gona, yana nomanta a idon wanda zai iya da'awa, shi kuwa ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, shari'a takan rufe ƙofar da'awar. Tsakanin bare da bare wa'adin gajere ne. Tsakanin 'yan'uwa, saboda kunya da kawaici da ke hana ɗan'uwa magana, ra'ayin da alƙalanmu suka fi bi shi ne shekara arba'in. Na san wannan, na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa. A hanyarmu ta komawa Birnin Kudu ranar, ina tuƙi tana gefe, har muka wuce rabin hanya. Sannan ta ce:

"Saura huɗu fa, Kanun Labarai. Da ka bar su yadda suke, shekara huɗu, ko Baba ya dawo da kansa sai ya yi da gaske. Kana ta leƙen dokar da ba ta zo ba, wadda ke zaune a ɗakin tana yi wa yayarka aiki ba ka gaishe ta ba."



Ana saura mako biyu a yanke hukunci kudirin ya fito daga kwamiti. An yi zaman jin ra'ayin jama'a, mutane da yawa sun ce sashen rajistar zai jefa talakawan karkara cikin wahala, kwamitin ya cire shi gaba ɗaya. Sauran kudirin ya wuce, aka sa masa hannu daga baya, ofisoshi da taswira. Ƙarshen watan na zauna na buga takardata kamar kullum. A ƙarƙashin filaye da gonaki na rubuta layi ɗaya, cewa an cire sashen da ya shafi rajistar ciniki da kyauta, babu abin da ya sauya ga masu riƙe da gona ba takarda. Na duba rubutun sau biyu don kada a sami kuskure, na tura.

Alƙali ya yi hukuncin da duk mai adalci zai yi da abin da ke gabansa. Ya ce kyauta ba ta tabbata ba, riƙo bai kai wa'adi ba, fadama gado ce. Ya ce abin da Hanne ta ci a baya ta ci da yardar 'yan'uwanta, babu komai a kanta. Ya yi nasiha mai tsawo, ya ce ƙofar sulhu a buɗe take, duk wanda ya ga dama ya bar wa 'yar'uwarsa rabonsa. Aka fita da igiya aka auna, aka kasa biyar: biyu na Sule, biyu nawa, ɗaya na Hanne. Aka yi ƙuri'a. Kason Yaya Sule ya faɗa bakin rafi, inda ake noman rani. Nawa ya faɗa tsakiya. Na Yaya Hanne ya faɗa can sama wajen tsamiya, inda ruwa ba ya kaiwa sai da dogon tiyo. Haka na wayi gari, ni da na je kare mata gona, ina da ninki biyu na abin da take da shi a cikinta.

Za ku tambaya me ya hana Yaya Sule bar mata nasa, tunda ya ce zai fi kowa murna. Na tambaye shi ta bakin Malam Jibo. Ya ce da alƙali ya ce tata ce da ya yi murna, amma alƙali ya ce tasa ce, kuma yana da 'ya'ya maza biyar da jikokin da gonakin tudu ba sa ciyar da su, ga shi Haruna ya riga ya ji da kunnensa. Ya ce abin da yake iya yin shiru a kansa jiya, yau idan ya bayar ya ɗauka ne daga bakin wasu. Kuna iya cewa ya gaza a nan, ni ma na ce. Amma ku lura cewa kawaicin da ya yi na shekara talatin da shida bai taɓa jin nauyinsa ba, domin bai san yana yi ba. Ni na auna masa shi da igiya na nuna masa girmansa. Daga shekarar Haruna ya shiga noman albasa a bakin rafi. Yaya Hanne ba ta yi faɗa da kowa ba. Takan aika wa Yaya Sule tuwon salla, ta je gaisuwa idan an yi rashi a gidansa, amma ba ta ƙara zama a ɗakin matansa ta yi hira ba har ya rasu. Ni da shi kuwa gaisuwa ce kawai ta rage.

Ban daina fitar da takardar wata-wata ba, domin amfaninta bai ragu ba don ni na yi wauta da ita. Lauya a irin wurinmu dole ya san abin da ke tafe. Abin da na daina shi ne ɗaga mutane daga inda suke zaune saboda kudiri. Idan wani ya zo a firgice ya ji za a yi doka, nakan tambaye shi tukuna me yake riƙe da shi yau, wace doka ce ke tsare masa shi, wa zai farka idan aka taɓa. Sau da yawa shawarar da nake bayarwa ita ce ya koma gida ya jira. Ba a biyan lauya da yawa a kan irin wannan shawarar.

Mako guda bayan rabon na koma Dingaya. Na tafi da shaidu biyu a mota, na kuma tabbatar babu ko tsinken shukata a tsaye a cikin kason, don ta karɓa a ranar, a gabansu, kyautar ta cika yadda babu mai sake taɓa ta. Na same ta tana tankaɗe. Na ce na zo in ba ta kasona duka, ta tashi mu je ta taka shi. Ta ajiye rariyar, ta leƙa ta ga mutanen da ke jira a waje, ta ce a kai musu ruwa.

"Auta, kyautar Baba ma ba ta tsaya ba, balle taka. Na gaji da a ba ni. Ka riƙe abinka. Sani zai noma, mu ci, in ka zo mu ɗaura maka albasa a mota kamar kowane mai gona. Amma kada ka ƙara kawo mini mutane ƙofar ɗaki."

Na roƙe ta ranar, na sake roƙonta shekaru da dama bayan nan, ta bakina da ta bakin mahaifiyarku. Ba ta karɓa ba har ta koma ga Allah. Kyauta kuwa ba ta yiwuwa sai da mai karɓa. Na gwada Sani bayan rasuwarta, ya ce abin da Inna ta ƙi ba zai karɓa a bayan idonta ba.

Saboda haka gonar da kuke kira gonar Baba ta Dingaya, wadda ake kawo muku albasa daga cikinta duk rani, a takarda tawa ce, kuma idan na mutu ban yi komai ba za ta shiga cikin gadonku. Na yi wasiyya da ita ga Sani da ƙannensa. Su ba magadana ba ne, kuma na auna na ga ba ta kai sulusin abin da na mallaka ba, don haka wasiyyar ta halatta ba tare da an nemi yardar ɗayanku ba. Tana ofishin Barista Saudatu, da shaidunta. Abin da mamaci ya bari, ina sa ran Sani ba zai iya mayar masa ba. Ranar da aka karanta ta, ina so babba a cikinku ya shiga mota shi kaɗai, ya je ya gaya wa Sani da baki, ya sha ruwa, ya dawo.